Bindiga, Harsashi da Haramin Makka: Abubuwan Ban Mamaki 18 a Taƙaice

Akwai wata irin bindiga da ake jingina ta a kafaɗa kamar ta sojoji, amma harsashin da take ci na ƙaramar bindigar hannu ne, wato fistol. Masu gasar harbi a Amurka da Turai suna ji da ita, kuma musunsu ba ya ƙarewa a kan wane girman harsashi ya fi dacewa da ita: milimita 9, ko .45, ko .357. Wanda ya bi diddigin wannan musu zai tarar da abu biyu. Na farko, babu harsashin da yake ba da riba kyauta, duk abin da ya ƙara maka a nan sai ya rage maka a can. Na biyu, kafin a zo maganar girma, dokar wuri ce take fara magana, kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Makka.

1. Garin da aka rufe zancen tun farko

A Makka tambayar ba ta ma tasowa ga mai ziyara. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Sahihu Muslim ya hana ɗaukar makami a garin, kuma malamai sun fassara hanin da ɗaukarsa ba tare da wata larura ba. Farauta ma haramun ce a cikin iyakokin Harami, ga mai ihrami da wanda ba ya cikinsa, har korar dabbar dawa daga inda take hutawa an hana. Shi ya sa tantabarun da ke kewayen masallacin suke yawo a tsakanin ƙafafun alhazai hankali kwance. Makamin da ake gani a can yana hannun jami'an tsaro ne kawai.

2. Tsinin mashi a ƙafar Ibnu Umar

Wannan hani yana da tsohon labari. A zamanin Hajjaju ɗan Yusufu, tsinin mashi ya soki tafin ƙafar Abdullahi ɗan Umar a Mina. Da Hajjaju ya zo duba shi yana cewa da ya san wanda ya yi da ya hukunta shi, sai Ibnu Umar ya ɗora masa laifin kai tsaye, domin shi ne ya bari aka shigo da makamai Harami a ranar da ba a ɗaukarsu. Hajjajun nan dai shi ne ya kafa manjanik, wato babbar majaujawar yaƙi mai jefa duwatsu, a kan dutsen Abu Ƙubais lokacin da ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu ƙawanya a shekarar 692.

3. Harsashi ɗaya, bindiga biyu

Dabarar doguwar bindiga mai cin harsashin fistol ba sabuwa ba ce. A 1873 kamfanin Winchester na Amurka ya fitar da doguwar bindiga da harsashi mai suna .44-40. Bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya ƙera libarba mai cin wannan harsashin. Makiyayi da ke kwana a daji a kan doki sai ya samu sauƙi: jaka ɗaya ta harsasai ta wadatar da bindigar kugu da ta kafaɗa, kuma babu fargabar ya ɗura wanda ba shi ba cikin duhu. Har gobe wannan ne dalili na farko da masu irin wannan bindiga suke kawowa, wato mutum ya zaɓi harsashin da fistol ɗinsa take ci.

4. Lambar da ke jikin harsashi ba kullum take faɗin gaskiya ba

Juya kwanson harsashi ka dubi gindinsa. A tsakiya akwai wani ɗan maɓalli zagayayye, wanda allurar bindiga take dukansa ya ba da tartsatsi. A kewayensa an buga haruffan kamfanin da ya yi shi da kuma lambar girma. Idan ka ga 9x19, ma'anarsa faɗin harsashin milimita 9 ne, tsawon kwanson kuma milimita 19. Amurkawa da mutanen Ingila su da inci suke awo, to a nan rikici yake. Harsashin da ake kira .38 Special ainihin faɗinsa .357 na inci ne. Wanda ake kira .44 Magnum kuwa .429 ne. Sunayen gado ne daga tsoffin hanyoyin awo, 'yan kasuwa kuma ba su ga dalilin rage lambar da ke jawo ciniki ba.

5. Milimita 9 na Rasha ya fi na Jamus ƙiba

A cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗiya, tudu da kwari, wanda yake sa harsashi ya riƙa juyawa a iska don kada ya karkace. Wasu ƙasashe suna awo daga tudu zuwa tudu, wasu daga kwari zuwa kwari. Saboda haka harsashin Makarov na Tarayyar Sobiyat, wanda ake rubuta wa 9x18, faɗinsa ya kai kimanin milimita 9.27, alhali na Jamus milimita 9 ne da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Suna ɗaya, amma ba sa shiga gidan juna.

6. Da ƙwayar sha'ir ake auna nauyi

Nauyin harsashi da na albarushi har yau da wani tsohon ma'auni ake faɗinsa, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ce. Ƙwaya 7,000 ke yin laba ɗaya, kowace ƙwaya kuwa kimanin miligiram 65 ce. Harsashin milimita 9 yakan zo da nauyin ƙwaya 115 ko 124 ko 147, wato tsakanin giram 7 da rabi zuwa 9 da rabi. Na .45 da aka fi sani ƙwaya 230 ne, kusan giram 15. Lambar 40 da ke cikin sunan .44-40 ma ƙwayar albarushi 40 take nufi.

7. A bindigar tsuntsaye, ƙaramar lamba ce babba

Bindigar mafarauta mai watsa ƙananan ƙwayoyi lissafinta a juye yake. Ana ɗaukar laba ɗaya ta dalma a raba ta dunƙule-dunƙule daidai da faɗin bututun. Idan dunƙule 12 suka fito, bindigar mai lamba 12 ce. Idan 20 ne, bututun ya fi ƙanƙanta ke nan. Don haka mai lamba 12, da bakinta ya kai kusan milimita 18 da rabi, ta fi mai lamba 20 girma.

8. Dogon bututu ba kowa yake yi wa rana ba

Nan ne cibiyar musun. Albarushi yana ƙonewa ne ya zama iska mai matsi, iskar ta tura harsashi har ya fita daga baki. In bututu ya yi tsawo, iskar tana samun ƙarin lokacin turi, amma fa sai in akwai sauran albarushin da zai ci gaba da bayar da matsin. Harsashin .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, kwansonsa dogo ne, yana ɗaukar albarushi mai yawa mai ƙonewa a hankali, don haka a doguwar bindiga gudunsa yana ƙaruwa sosai, wani lokaci da kusan kashi ɗaya cikin uku. Milimita 9 yana samun ƙari daidai gwargwado. Shi kuwa .45 ACP, da aka tsara shi da ɗan albarushi mai saurin ƙonewa, kusan ya gama aikinsa tun a farkon bututu, ƙarin da yake samu kaɗan ne. To me ake nema da tsawon? Saiti. Bindigar da ta dafa kafaɗa da kunci da hannu biyu ba ta rawa kamar wadda ke lilo a ƙarshen hannu, kuma mai koyo yana samun abin da ya auna cikin sauƙi. Duk da haka iyakar amfaninta ba ta wuce kimanin mita 100 sosai, daga nan harsashin sai ya fara sunkuyawa ƙasa. Harsashin AK-47 ya ninka na milimita 9 ƙarfi kusan sau huɗu.

9. Ƙaramin harsashi, babban tokari

Mutum zai ɗauka tunda harsashin ƙarami ne, bindigar ba za ta tokari kafaɗa ba. Sau da yawa ba haka ba ne. Yawancin masu araha ba su da makulli a bayan harsashi, wani ƙarfe ne mai nauyi da sifirin suke tare shi. Duk harbi sai ƙarfen nan ya ruga baya ya dawo, nauyinsa kuma yana jijjiga bindigar. Gwargwadon ƙarfin harsashi, gwargwadon nauyin ƙarfen da ake buƙata. Wanda ya zaɓi milimita 10 don ƙarfi, zai biya da nauyi da tokari da tsadar harsashi.

10. Wanda ya fi nauyi ya fi sauti jinkiri

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Harsashin .45 na yau da kullum yana fita da gudun kusan mita 255 a daƙiƙa, wato ƙarar harbin tana riga shi isa. Na milimita 9 marar nauyi yana ɗan zarce gudun sauti, shi ya sa yake da wata ƙara mai kaifi kamar ta bulala bayan ƙarar fashewar albarushi.

11. Musulmin Filifin da shanun Cikago

A farkon ƙarni na 20 sojojin Amurka sun gwabza da Moro, Musulmin kudancin Filifin. Sojojin suka riƙa ƙorafi cewa harsashin .38 na libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙin da ya taho da takobi. A 1904 hafsoshi biyu, John Thompson da Louis LaGarde, suka binciki lamarin. Suka je mahautar Cikago suka gwada harsasai iri-iri a kan shanu, suka ba da shawarar kada a yi ƙasa da .45. John Browning ya tsara harsashin da bindigar, sojan Amurka ya karɓe ta a 1911, ta kuma zauna a kugunsu har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka maye gurbinta da Beretta mai milimita 9.

12. An yi zagaye an dawo gida

Georg Luger ne ya tsara 9x19 a farkon shekarun 1900. Sojan ruwan Jamus ya karɓe shi a 1904, na ƙasa a 1908. Ranar 11 ga Afrilu 1986 aka yi wata musayar wuta a Mayami inda aka kashe jami'an hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, biyu, aka raunata biyar. Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan harsashi, ta koma milimita 10. Da ya yi wa jami'ai da dama tokari, aka rage masa ƙarfi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990. Bayan kusan shekara 25 hukumar ta sake komawa milimita 9, bisa hujjar cewa ƙirar harsashin ta inganta, kuma jami'anta sun fi samun saiti da shi. Araha da yawa a kasuwa da sauƙin sarrafawa su ne suka sa ya mamaye gasar wannan bindiga, wadda ƙungiyar USPSA ta Amurka ta buɗe wa rukuni na musamman a 2016.

13. Kube da ke zama ƙota

Fistol ɗin Mauser C96 ta 1896 tana zuwa da kube na katako. A zare ta, a maƙala kuben a bayan mariƙinta, sai ta zama 'yar doguwar bindiga ta kafaɗa. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai wannan tunani ƙololuwa. Ingila ta ƙera Sten kusan miliyan 4, mai milimita 9, da bututu da gwangwani da walda saboda sauri da araha. Sobiyat ta ƙera PPSh-41 kusan miliyan 6, mai kurtu zagayayye na harsashi 71.

14. Harbin da ya fito ta taga a 1916

Da asubahin 10 ga Yuni 1916, Sharif Husaini ɗan Ali ya harba bindiga ta tagar fadarsa a Makka. Wannan ce alamar fara tawayen Larabawa ga Daular Usmaniyya. Sojojin Turkiyya suka mayar da martani da igwa daga ganuwar Ajyad, wadda ke kan tudu tana kallon masallacin, ba su kuma sallama ba sai cikin watan Yuli, bayan an kawo igwa da 'yan igwa daga Masar. An gina ganuwar wajen 1780, aka rushe ta a 2002. Alhajin da ya ɗaga kai yau ya kalli dogon benen agogo na Abraj al-Bait, wurinta yake kallo.

Sau biyu kuma bayan haka jini ya zuba a cikin masallacin kansa. A watan Maris na 1935 wasu mutane riƙe da wuƙaƙe suka auka wa Sarki Abdul'aziz na Saudiyya yana ɗawafi, ɗansa Sa'ud ya kare shi da jikinsa, dogarai suka harbe maharan. Ranar 20 ga Nuwamba 1979, wato 1 ga Muharram 1400, Juhaiman al-Utaibi da mabiyansa suka mamaye Harami da makamai. Sai da hukuma ta nemi fatawar malamai a kan amfani da ƙarfi a wurin, kuma an ɗauki mako biyu kafin a kawo ƙarshen lamarin a 4 ga Disamba. An zartar wa mutum 63 hukuncin kisa a watan Janairun 1980.

15. Igwar da ba ta da harsashi

Shekaru da dama mutanen Makka da igwa suke shan ruwa. Ana kafa ta a kan wani dutse da har aka laƙaba masa sunan dutsen igwogi, 'yan sanda ke kula da ita. Albarushi zalla ake ɗura mata, ƙara da hayaƙi kawai ake buƙata. Takan yi tsawa idan an ga watan Ramadan, da lokacin buɗa-baki, da sahur, da lokacin kame baki, sannan ta yi shelar Sallah. Lasifika da talabijin da wayar hannu sun karɓe mata aiki, amma dattawan garin ba su manta da ita ba.

16. Masu harbin ƙasa a Ɗa'ifa, masu harbin sama a Kano

A duwatsun Ɗa'ifa, cikin lardin Makka, akwai wasan gargajiya da ake kira ta'ashir. Mutum zai fito fili babu takalmi, riƙe da tsohuwar bindiga mai ɗuri ta baki. Zai yi 'yan taku da kaɗe-kaɗe, ya juya bakin bindigar ƙasa daidai ƙafafunsa, ya daka tsalle ya naɗe gwiwoyi, sannan ya ja kunama yana sama. Wuta da ƙura su tashi a ƙarƙashinsa, ya dira cikin hayaƙi. Gwaninta ita ce daidaita tsallen da harbin.

Mu ma muna da namu. A hawan Sallah na Kano da Katsina da Zazzau, 'yan bindigar sarki suna zuba albarushi ta baki, su cusa tsumma, su danna da sandar ɗuri, su ɗaga sama su saki, dawaki na zabura, yara na toshe kunne. Nan ma babu harsashi. Bambancin yana da muhimmanci, domin harsashin gaske da aka harba sama sai ya dawo ƙasa da gudun da zai iya kisa. A watan Oktoban 2012, harbin murna a wani biki kusa da Abƙaiƙ a gabashin Saudiyya ya tsinko wayar lantarki, mutum fiye da 20 suka rasu. Hukumomin ƙasar sun haramta harbi a wuraren biki.

17. Dokar Najeriya ta ambaci milimita 9 da suna

Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin adaka da mafarauta ke riƙewa, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Na biyu, irin bindigar tsuntsaye, suna hannun Sufeto Janar. Na uku su ne haramtattu, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu akwai fistol da libarba da bindigogin soja masu girman milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Ke nan abin da ɗan gasa a Amurka yake zaɓa kamar kayan kanti, a nan hanyar gidan yari ce. Lambar .303 da ke cikin jerin gadon mulkin mallaka ce, harsashin sojan Ingila ne tun daga 1889. A zamaninsa ne Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, aka kuma bi Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira ya nufi gabas da niyyar Makka, har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiyar, garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan yana ɗauke da sunansa. Kafin Turawa ma ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙira ba ce: Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an riƙa zuba igwa a Zinder a ƙarni na 19. A 1964 kuma aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna. A 2006 ƙasashen ECOWAS suka rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, matsalar da mutanen Zamfara da Katsina da Maraɗi suka fi kowa sanin ɗacinta.

18. Girman da alhaji yake zaɓa

Akwai dai abu guda da ake jifa da shi a ƙasar Makka wanda aka ƙayyade wa girma, shi ne tsakuwar jifan Jamrori. Malamai sun kwatanta ta da ƙwayar wake ko ta ɗara kaɗan. Bakwai ake jefawa a Jamratul Aƙaba ranar Sallah, sannan bakwai-bakwai a Jamrori uku a kowace rana ta kwanakin Mina, jimilla 49 ga wanda ya yi gaggawa, 70 ga wanda ya cika kwana uku. A hadisin Ibnu Abbas, da aka tsinto wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'yan ƙananan tsakuwoyi, ya nuna cewa da irinsu za a yi jifa, ya kuma yi gargaɗi a kan wuce gona da iri a addini. Don haka malaman bita a sansanonin alhazai, daga Kano har Yamai, kullum suke nanata wa maniyyata cewa ba a jifa da ƙaton dutse ko takalmi ko lema, domin babban dutse ba ya ƙara lada, kan wani alhajin da ke gaba kawai zai fasa.